Kiwon Karen Fudul Da Barbarar Yanyawa

Tun da wayar hannu ta shiga ƙauyuka, samarin ƙasar Kankiya da Kusada sun fara ganin hotunan wani irin kare mai gashi a nannaɗe kamar na ɗan tunkiya, an yi masa aski, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, ana cewa wai 'ya'yansa na yin kuɗi a Abuja da Ikko. Sunan wannan kare Fudul. Tambayar da a ke yi ita ce, shin magidanci zai iya sayar da akuya biyu ko uku ya sayo karya guda irin wannan, ya ajiye ta a bayan gida, iyalinsa su riƙa kula da ita, ta riƙa haihuwa ana sayarwa kamar yadda a ke yi da zomaye da tantabaru? Waɗansu kuma cewa su ke ba sai an sayi biyu ba, namiji ɗaya ya isa, a haɗa shi da karyar gida a sami 'yan ruwa biyu.

Tambayar ta cancanci amsa mai tsawo, domin kuɗin akuya uku ba ƙaramin abu ba ne a gidan manomi, kuma in kiwon kare ya ɓaci ba dukiya kaɗai ya ke ci ba, ya kan taɓa rai.

Asalin Karen

Yawancin masana sun tafi a kan cewa asalin Fudul daga Jamus ya ke, kuma sunan ma daga kalmarsu ta fantsama cikin ruwa ya fito. Mutanen Faransa su ma suna cewa nasu ne, kuma sunan da su ke kiransa da shi daga sunan agwagwa a ka samo shi. Ko wanne ne gaskiya, aikinsa na asali ɗaya ne. Maharbi ya kan harbo agwagwar ruwa ta faɗa tsakiyar tafki mai sanyi kamar ƙanƙara, sai karen ya yi iyo ya ɗauko ta. Don haka a ka yi shekaru aru aru ana zaɓen waɗanda gashinsu ya fi kauri da nannaɗewa, ana barinsu su yi barbara. Daga baya da masu hali su ka so shi don ado, sai a ka yi ta zaɓen ƙanana, har a ka sami babba mai tsayin ɗan akuya, da matsakaici, da ƙarami wanda bai fi kyanwa ba.

Ba a raina shi wajen basira. Yana cikin karnukan da su ka fi saurin ɗaukar horo a duniya, shi ya sa masu wasan kwaikwayo da dabbobi a Turai su ka daɗe suna amfani da shi. Amma abin da ya kamata manomi ya riƙe shi ne gashin. Gashin karen gida ya kan tsiro, ya tsaya, ya zube, wani ya fito. Na Fudul kuwa ba ya tsayawa da wuri, ya kan yi ta tsawo kamar sumar mutum, wanda ya tsinke kuma ba ya faɗuwa ƙasa, sai ya sarƙe cikin sauran. Sabo da haka tilas a taje shi kusan kullum, a kuma yi masa sausaye duk mako huɗu zuwa shida, har iyakar ransa. A biranen Turai akwai masu sana'ar askin karnuka. A Kankiya kuwa mai karen shi ne wanzaminsa, da almakashinsa da matajinsa.

Yadda Zai Kasance A Ƙasar Nan

A ce wani magidanci a Rimaye ko Yashe ya yi ƙoƙari ya sayo. Abu na farko da zai gamu da shi zafi ne. Kare ba ya gumi kamar mutum ko doki, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa. Da haki ya ke fid da zafi, shi ya sa a ke ganinsa da harshe waje. Zafin jikinsa in yana lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 kuwa ya shiga hatsari. To, a watannin Afril da Mayu zafin rana a ƙasar Katsina ya kan kai digiri 40 har ya wuce. Karen gida ya san dabara, ya kan tona rami a gindin bango ko ƙarƙashin rumbu ya kwanta, gashinsa gajere ne, jikinsa ba kitse. Wanda a ka yi domin iyo cikin ruwan sanyi kuwa, in ba a aske shi ba, kamar an sa wa mutum bargo ne a tsakar rana. In kuma an aske shi ƙwal har fata, rana ta ƙone shi. Sai an bar masa gashi kamar kaurin yatsa, an ba shi inuwa mai iska, da ruwa mai sanyi a kasko wanda ba ya yankewa.

Na biyu ƙaya. Kowa ya san abin da ƙarangiya ke yi wa wandon mutum da kaka. Kare mai gashi a nannaɗe in ya ratsa gona sau ɗaya a watan Oktoba, zai dawo da ƙarangiya da kashin yawo tun daga kunne har wutsiya, tsidau kuma tsakanin yatsu. In ba a cire a ranar ba, gashin ya dunƙule ya zama kamar tabarma, fatar da ke ƙarƙashi ta yi gyambo ba a gani ba.

Na uku kaska da ƙuma. A jikin karen gida kaska a fili ta ke, yaro ma zai gan ta ya cire. A cikin sumar Fudul kuwa ɓuya ta ke yi har ta ƙoshi ta faɗi ta yi ƙwai a tsagar bango. Ba shan jini kaɗai ne aibinta ba, tana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke farfasa jini, kare ya yi zazzaɓi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Karnukan da kakanninsu su ka tashi a nan su kan fi jure wannan. Baƙon iri kuwa ya kan fāɗi da sauri. Har wa yau da damina akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa inda kare ke fitsari, tsutsar ta huda fatar kwikwiyo ta zauna ciki kamar maruru. Kunnuwan Fudul kuma a kwance su ke, da gashi a ciki, iska ba ta shiga, don haka ciwon kunne ba ya rabuwa da shi in ba ana sharewa ba.

Waɗannan duka ana iya maganinsu, amma kowanne da kuɗinsa, kuma kowanne yana son hannu a daidai lokacin da hannuwan gida ke gona.

Maganar 'Yan Ruwa Biyu

Nan ne wurin da ya fi kamata a tsaya, domin nan ne mutane su ka fi ruɗuwa. Hausawa na da suna tun da can ga abin da ya fito daga iri biyu, su kan ce barbarar yanyawa. A Turai da Amurka yanzu karnukan da a ka haɗa da Fudul sun yi tashe ƙwarai, kuma an san mafarin tashen.

A ƙasar Ostireliya akwai ƙungiya mai horon karnukan da ke yi wa makafi jagora. Wani ma'aikacinta mai suna Wally Conron shi ke kula da sashen kiwo. Sai wata makauniya daga tsibirin Hawayi ta nemi karen jagora, amma mijinta ba ya jure gashin kare, ya kan sa shi atishawa da ƙaiƙayi. Conron ya yi shekara uku yana gwada Fudul, ya gwada wajen 30, ba wanda ya yi aikin jagora yadda a ke so. A 1989 sai ya haɗa namijin Fudul da karya irin Labrado, wadda irinta su ka shahara wajen jagora. Ta haifi uku. A ka aika da gashinsu da yawunsu Hawayi a gwada, sai a ka tarar ɗaya ne kaɗai cikin ukun bai dami mijin ba. Sauran biyun ba wanda ya so ya karɓa don an ce 'yan ruwa biyu ne, sai Conron ya laƙa musu suna Labradudul, ya sa a ka yi shela wai sabon iri ne. Nan da nan jama'a su ka yi ca. Masu neman kuɗi kuwa su ka shiga haɗa Fudul da kowane irin kare, ba tare da duba lafiyar uwa ko halin uba ba. A 2019, yana tsoho, Conron ya faɗa a gidan rediyon ƙasarsu cewa wannan shi ne abin da ya fi nadama a rayuwarsa, sabo da yawan marasa lafiya da masu mugun hali da a ka haifa ta wannan hanya.

Abin lura a labarin shi ne ɗaya cikin uku. Mutumin da aikinsa ke nan, da zaɓaɓɓun karnuka a hannunsa, da likitoci a kusa, abin da ya samu ke nan. Ita ma maganar cewa irin waɗannan karnuka ba su sa atishawa, wani bincike da a ka yi a gidajen mutane a Amurka a 2011 bai sami wani bambanci ba tsakaninsu da sauran karnuka.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma manoman masara sun riga sun san shi ko da ba su san sunansa ba. Wani malami mai suna Gregor Mendel ya bayyana shi a 1866 da waken Turai. Ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan farko duk su ka fito dogaye. Da ya shuka 'ya'yan nan ya bar su su ka yi aure a junansu, sai jikokin su ka rarrabu, kowane uku dogaye ɗaya gajere. Watau halin da ya ɓuya a 'ya'ya bai mutu ba, yana nan yana jiran jikoki. Shi ya sa malaman gona ke hana manomi ya ɗebi iri daga masarar aure da ya girbe ya sake shukawa baɗi, domin gonar za ta fito wani dogo wani gajere, wani ya yi goyo wani bai yi ba. Haka kuma dattawa za su tuna zamanin da a ke musayar zakaru, a karɓi na gida a ba da jan zakaran Turawa. 'Ya'yan farko su kan yi girma, amma bayan 'yan shekaru, da rashin abinci da cuta da barbara barkatai, sai a nemi irin a rasa.

Ga kare ma haka ne. A 2009 masana a Amurka sun nuna cewa abubuwan gado guda uku ne ke riƙe da yawancin kamannin gashin karnuka: ɗaya na tsawo, ɗaya na nannaɗewa, ɗaya na gemu da gira. Fudul na da ukun duka. Karen gida ba shi da ko ɗaya. In an haɗa su, 'ya'yan farko yawanci su kan fito buzu buzu, da ɗan gemu, ba su yi uwa ba, ba su yi uba ba. In an haɗa 'ya'yan nan da junansu kuwa, ciki ɗaya zai fito da mai suma, da mai gajeren gashi, da mai ƙaya ƙaya kamar bushiya. Mai saye a birni abin da ya gani a hoto ya ke nema, ba zai karɓi waɗannan da kuɗin kirki ba. Maharbi da makiyayi kuma ba su so, domin an ɓata gashin da ke jure rana da ƙaya. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Kada kuma a ɗauka cewa tsantsar iri shi ne lafiya. Fudul na da cututtukan gado da a ka sani: makanta da ke zuwa a hankali, da gocewar ƙugu ga manya, da gocewar ƙoƙon gwiwa ga ƙanana. Babban dalilinsu shi ne yawan haɗa dangi na kusa. Magidancin da ya sayi wa da ƙanwa daga ciki ɗaya don sun fi araha, ya riga ya sayi wahala. Kuma wanda ya sayo daga hoto a waya, bai ga uwa ba, bai ga uba ba, bai ga katin allura ba, to bai san abin da ya saya ba sai ya girma.

Wa Zai Saya?

Wannan a taƙaice za a faɗe shi. Jama'ar Kankiya da Kusada Musulmi ne mafi yawa, kuma abin da malamai su ka karantar shi ne an yarda da ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, amma ajiye shi don sha'awa kawai an hana. Maganar cin kuɗinsa kuma malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan wanda a ka yarda a ajiye, sai mutum ya tambayi malaminsa kafin ya fara. Fudul kuwa karen sha'awa ne. Don haka ba a kasuwar Caranci za a sayar da shi ba, ba kuma a Katsina mai nisan wajen kilomita 60 ba sai ƙalilan. Masu saye suna Abuja da Ikko da waɗansu unguwannin Kaduna da Kano, kuma a can akwai masu kiwo kusa da su. Direban motar haya ba zai yarda a sa kare cikin fasinja ba. Kwikwiyo kuma ba buhun gero ba ne da za a ajiye sai ya yi tsada. In ya wuce wata uku farashinsa sauka ya ke yi, cinsa kuwa ƙaruwa. Ƙaramar Fudul biyu ko uku ta kan haifa, babbar shida ko bakwai. Akuya kuwa, ko ran sallah ko ran suna, akwai mai nemanta a ƙofar gida.

Abin Da Za A Ɗauka Daga Masu Kiwon Turai

Ba karen ne abin koyi ba, hanyar ce. Su ma da karnukan ƙauye su ka fara, su ka yi ta zaɓe suna rubutawa. Har sun zo yankin nan sun ɗauka. Dogon siririn karen nan na Buzaye, na kwarin Azawak a Mali da Nijar, an kai shi Turai wajen 1970, yanzu kuwa an rubuta shi cikin manyan irin karnukan duniya, ana sayensa da tsada. A gidajen mafarauta da rugagen Fulani na ƙasar Katsina ma akwai karnuka masu gudu da ji da zuciya, sai dai ba a kiwonsu, kansu su ke kiwo. A 'yan shekarun nan da ɓarayin shanu su ka addabi jihar, manomin da ke da shanun huɗa a turke ya san darajar karen da ke jin sawu tun daga nesa ya ta da gida. Wannan shi ne karen da ke da masu nema a Kafin Soli da Mawashi da Ƙofa.

Mai son ya gyara irin nasa, zaɓe zai fara. Uwa ta zama mai lafiya, mai nono, wadda ba ta cizon yaran gida, domin hali ana gadonsa kamar yadda a ke gadon launi. Uba kuma a nemo shi daga wani gari, wanda a ka san aikinsa, ba ɗanta ba, ba ɗan'uwanta ba. Kada a haɗa ƙaramar karya da ƙaton kare, haihuwar kan gagara. Karya kan fara neman barbara tun tana wata shida zuwa shekara, amma a bar na farko ya wuce, gara ta kusa shekara biyu ƙashinta ya yi ƙwari. Karnukan Turai sau biyu a shekara su ke nema, waɗansu na Afirka kuwa sau ɗaya.

Kwanakin neman wajen mako uku ne. Jini ke fara fitowa, sa'an nan daga wajen kwana 9 zuwa 14 ta kan tsaya wa namiji. Duk tsawon mako ukun nan tilas a kulle ta a ɗaki mai ƙofa, ba danga ba, domin karnukan unguwa za su haƙa ƙasa su shiga, kuma ciki ɗaya na iya ɗaukar 'ya'yan uba biyu ko uku. Yawancin masu cewa sun haɗa iri, a nan aikinsu ke rushewa.

Ciki kwana 63 ne, ko ya ragu kaɗan ko ya ɗara. Wannan lissafi na da amfani. Karyar da a ka haɗa a farkon Fabrairu, a tsakiyar zafin Afril za ta haihu. Wadda a ka haɗa a ƙarshen Oktoba, cikin hunturu. Jaririn kwikwiyo kuwa ba ya iya ɗumama kansa a makonnin farko, sanyin dare ɗaya na iya kashe ciki guda. Haihuwar da ta fi sauƙi a ƙasar nan ita ce ta kaka, ruwa ya ɗauke, sanyi bai sauka ba, abinci kuma ya wadata a gida. In ta faɗo cikin ɗari, a sa buhunan algarara a lungun ɗaki inda iska ba ta bugawa, a riƙa canzawa.

Nonon farko shi ne garkuwarsu, a tabbata kowanne ya sha a ranar haihuwa. Su kan buɗe ido daga kwana 10 zuwa 14. A mako na uku ko na huɗu a fara ba su kunu mai kauri da ɗan garin kifi ko ƙwai dafaffe. Madarar shanu zalla kan sa su zawo. Kada a raba su da uwa sai sun cika mako takwas, domin a wurinta da 'yan'uwansu su ke koyon iyakar cizo. Ita kuma uwar mai shayarwa tana bukatar ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci. Ƙanzo da ruwan wanke tukunya ba za su riƙe ta ba, sai an haɗa da kayan ciki dafaffe daga mahauta, ko kifi, ko wake. Albasa da tafarnuwa masu yawa na lalata jinin kare, goro da cakulan guba ne gare shi, ƙashin kaza dafaffe kuma ya kan tsage ya soki hanji.

Kusan kowane kwikwiyo da tsutsar ciki a ke haifarsa, daga uwa ya ke samu tun a ciki da kuma ta nono. A fara ba shi magani yana mako biyu, a maimaita duk mako biyu har ya kai wata uku. A kuma riƙa kwashe kashinsu ana binnewa, domin ƙwan tsutsar na shiga cikin yaran da ke wasa da ƙasa. Tun daga 1978 wata cuta ta amai da zawon jini ta bazu cikin karnukan duniya, ita ce ta fi kashe ƙanana, kuma ƙwayarta kan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Rigakafinta allura ce, ana farawa a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har wata huɗu. Allurar da ta kwana cikin zafi ruwa ce kawai, don haka a karɓe ta daga hannun ma'aikacin dabbobi mai ajiya cikin sanyi, ba daga tiren ɗan koli ba. Abu biyu kuma da a ke yi a ƙauye a daina su: wanke kare da fiya fiya ko maganin feshin wake don kaska, da shafa masa baƙin mai don ƙazwa. Na farko ya kashe karnuka da yawa, na biyu kuma guba ce da ya ke lasa.

Sa'an nan a sami ɗan littafi irin na 'yan makaranta. A rubuta ranar barbara, da uban, da ranar haihuwa, da nawa a ka haifa, nawa su ka rayu, da wanda a ka ba kowanne, da yadda ya zama bayan shekara. In an yi haka ciki uku ko huɗu, littafin da kansa zai nuna karyar da za a ci gaba da ita. Waɗanda ba a so su hayayyafa kuwa, likitan dabbobi na iya yi musu fiɗiya, ya fi a kwashe 'ya'yan a zubar a bayan gari.

Haukan Kare

Ko Fudul ne ko na gida, wannan ita ce magana mafi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu kuma ta cizon kare, wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Shanu da awaki ma su kan kamu in an cije su. In alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum babu magani. Amma rigakafinsa tsoho ne, tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro a Faransa ya tsira. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato na yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, a maimaita kowace shekara, a riƙe katin. Masana sun nuna in an yi wa karnuka bakwai cikin kowane goma na gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Wannan aiki ne da masu unguwanni da sarakunan farauta za su iya tara jama'a a kansa rana ɗaya.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Wani ya kan yi shiru ya ɓuya, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa. Mai shi sai ya sa hannu a bakin don ya ciro, nan ya ɗauki ciwon. Kare mai fara'a in ya koma faɗa, ko mai faɗa ya koma lallaɓa, ko haushinsa ya dishe, ko yana cizon itace da dutse, a nisance shi a kira ma'aikacin dabbobi.

In cizo ya auku, ko yaƙushi, ko kare ya lashi gyambo, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a duba agogo, kada a ƙiyasta. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, Babban Asibitin Kankiya ko wanda ya fi kusa, a nemi allurar cizon kare, a kuma cika adadinta ko da ciwon ya warke. Ƙona gashin karen a barbaɗa, ko cin hantarsa, ba ya hana kome. Ciwon kan yi wata biyu ko uku yana kwance, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, shi ya sa mutane ke zaton sun tsira. In an san karen kuma ana iya kama shi ba tare da hatsari ba, a tsare shi kwana 10 ana ba shi abinci ana dubawa, amma kada jiran ya hana fara allura. In ya mutu ko an kashe shi, kada yara su taɓa, kada a feɗe, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma domin su ɗauki kan su aika Vom a auna.